Ƙeyar Mama

Ranar Lahadi ta buɗe wayarta a Landan don kallon cocin ƙauyensu na ƙasar Ayilan da ake haskawa kai tsaye ta kyamara, kamar yadda ta saba yi a ɓoye tun da ta bar gida ba sallama. Kullum ƙeyar mahaifiyarta take hangowa. Yau sai ga tsohuwa tsaye cikin mawaƙa, ta fuskanto jama'a!

Ta kira ƙanenta.

"Kai, yaushe Mama ta fara waƙa? Da muryar da ke korar kyanwa?"

"Ina fa waƙa, Yaya? Baki kawai take motsawa. Fadan cocinmu ne ya ce akwai wani a Landan da ba ya fashin kallo. Washegari ta sayo jambaki, ta tambaye shi wa kyamarar ke gani sosai."