Awa Guda a Ɗakin Hayaƙi

Tun da aka canza doka, ba a sayar da sabuwar mota sai shugaban kamfani ya yi awa guda a rufaffen ɗaki tare da motar, injin yana aiki.

Yau ranar Hajiya Turai ce. Injiniyanta, Malam Ɗanjuma, ya rage murya ya ce, "Ranki ya daɗe, in na haɗa waya ɗaya, na'urar awo ba za ta ga hayaƙin ba."

"Huhuna fa, Malam?"

A layin shaidu, tsohon shugaban da ta gada yana ta tari. Ta shiga ɗakin ba tare da an haɗa wayar ba.

Da ta fito, jami'in gwamnati ya ce motar ta ci jarrabawa.

"Idona ya yi yaji," in ji ta. "A sake gyarawa kafin jama'a su shaƙa."