Sunan da Ke Saman Allon Gasa

Ɗan tela ya lashe gasar rubuta manhaja ta duniya. Kamfanin da ya shirya gasar ya kira ta bidiyo, zai ba shi aiki.

Mahaifinsa, tela, ya zauna gaban kwamfuta, matar ɗansa na tsaye da goyo.

"Baba, ina gwanin namu?" in ji wakilin kamfanin.

"Yana makabarta. Rajista kawai ya yi, rai ya yi halinsa." Ya nuna ta da haɓa. "Ita ta fafata da sunansa."

"To Malama, aikin naki ne. Sai dai mu goge sunansa, mu sa naki."

Tela ya dubi keken ɗinkinsa da ya daɗe bai juya ba, ya dubi jikansa, ya ɗaga mata kai alamar ta amince.

Ta gyara goyo.

"Ba za ku goge shi ba," in ji ta.