Farar Motar Zakara

A kwanar ƙarshe ta titin farar motar ta sake wuce shi, kamar jiya, kamar bara. Zakara ya ajiye hannun gem, abin sarrafa wasan talabijin, a kan gwiwarsa, ya ja tsaki, sannan ya yi dariya shi kaɗai a falo.

Tsohon direban bas ne, irin wanda fasinja ke sauka daga motarsa suna gode wa Allah, ba shi ba. Sunan Zakara shi ya raɗa wa kansa, mutane suka gaji da musu suka bar masa. Na'urar gem ɗin da sunan yara ya saye ta. Yara suka girma suka watse, na'ura ta zauna da mai ita na gaskiya.

Gem ɗin na tseren mota ne, kuma yana da wani hali: gudun da ya fi kowane sauri sai ya adana shi a cikin kaset, ya riƙa sako maka shi a siffar farar mota mai kamar hayaƙi, kuna tsere. Zakara bai tuna ranar da ya yi wannan gudun ba, amma in ba shi ba wa? Ya sha gaya wa mai shagon bakin layi cewa duk duniya mutum ɗaya ya taɓa cin sa a tuƙi, wato shi kansa, lokacin da yake da jini a jika.

Matarsa, Allah ya jiƙanta, abin bai taɓa burge ta ba. Cewa take gemu ya yi fari amma hankali yana firamare. Duk ranar da ya dawo daga hanya zai tarar ta goge na'urar, ta naɗe wayar tsaf, tana mita wai wuta kawai abin ke sha. Tun da ta rasu mita ta ƙare a gidan. Yara na kira in sun tuna. Da safe yakan karya a tsaye, ya kewaye kujerarta, ya kunna talabijin, su yi ta fafatawa da farar mota har rana ta take. Ita kaɗai ta rage mai jiran sa.

Ya haddace tuƙinta. Tun kafin kwana take taka birki, ta shiga a natse, ta fita kamar an harba ta. Shi kuwa da totur yake afka wa kwana, ya daki shinge. Sai ya girgiza kai ya ce ashe da can yana da haƙuri.

Wata safiya ya kunna, titi ya fito fayau, babu farar mota. Ya kashe, ya zare kaset ya hura, ya mayar. Shiru. Ya sake hurawa har numfashinsa ya sarƙe. Da ƙyar ta dawo. Ko minti ɗaya bai ƙara ba, ya naɗe kaset a hankici ya fita.

Shagon gyaran yana bayan kasuwa, ɗan tsukuku ne mai warin dalma, matattun rediyo jibge har rufi. Mai gyaran mace ce, da tabarau a goshi. Ta juya kaset ɗin, ta ce akwai ɗan batir a ciki kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da gudun, kuma ya zo gargara. In an cire shi don a canza, mota ta tafi. In an bar shi ma tafiya za ta yi. Na'urar kanta an daina ƙera irinta tuntuni. Hanya ɗaya ta rage: a kwafe kaset ɗin a kwamfuta, inda akwai manhaja mai kwaikwayon tsohuwar na'ura, har gem ɗin ya zaci a gidansu yake.

"Amma ban yi alkawari ba, Baba. In batir ya mutu muna tsakiyar kwafa, shi ke nan."

"'Yata, motar nan ba ta taɓa mutuwa a hanya ba. Ni fa na tuƙa ta."

Ya matso kusa da kwamfutar.

Ta cusa kaset a wani ɗan akwati, wani koren layi ya fara rarrafe a allon kwamfuta. Zakara ya soma ba ta labarin ranar da ya tsere wa jirgin ƙasa da bas cike da fasinja. Layin ya tsaya. Labarin ma ya tsaya. Sai ƙarar fanka kawai, da wani mai baro a waje yana neman hanya. Zakara ya tuna falonsa, ya tuna gobe da safe.

Layin ya motsa, ya kai ƙarshe.

Kiɗan gem ya tashi, titi ya bayyana, ga farar mota a layin farawa tana jira. Zakara ya cire hula ya goge fuska da ita, wai zafi.

Mai gyara ta miƙa masa hannun gem. Ta ce zai ga ɗan bambanci, don tsofaffin talabijin suna cinye gefen hoto sama da ƙasa, kwamfuta kuwa komai nuna shi take. Da gaske kuwa, a gindin allon akwai wani siririn layi da bai taɓa gani ba. A hagu an rubuta ZAKARA, da lokacin jar motarsa. A dama lokacin farar mota ne, da sunan wanda ya tuƙa ta.

Ta sauko da tabaranta, ta matso.

"Baba, wannan ai sunan mace ne."

Aka buga ƙararrawar tashi, farar mota ta cilla, tasa tana tsaye a layi, Zakara kuwa ya ƙura wa gindin allon ido yana karanta sunan matarsa.