Alƙalin Wasa Mai In'ina

"Gudu ka ci, rubutu ma ka ci," in ji shugaban kwamitin tantance alƙalan wasa, yana juya takardu. "Amma ɗana, gasar manyan ajin sakandare sai mai baki. Kafin ka gama cewa fanareti, ai an tashi wasa."

Mutum biyu suka tuntsire da dariya. Wanda ake tantancewar malamin motsa jiki ne. Shekara uku yana alƙalancin ƙananan aji ba a taɓa tashi baram-baram a filinsa ba, amma duk inda ya je, in'inarsa ake fara aunawa.

"Ra-ranka ya daɗe, cikin sha-sharuɗɗan nan takwas, wanne ya hana ni?"

"Babu ko ɗaya," in ji sakatariya.

Shugaba ya ce ba da ita yake ba. Mataimakinsa ya goyi bayanta, wani ya bugi tebur, kofin ruwa ya kife kan fayil. Nan take ɗakin ya kaure, dattawa biyar a tsaye, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Malamin bai nemi izinin kowa ba. Ya zaro usur daga aljihu, ya busa sau ɗaya. Ɗakin ya yi tsit. Ya dubi shugaba ido cikin ido, ya nuna masa kujera.

Sai da dattijon ya zauna sannan ya ankara da abin da ya yi.

Sakatariya ta tura masa takardar shaida da biro. "Saura sa hannunka, ranka ya daɗe."