Munduwar da ta tona ni gaban surukina

Kai Hashimu na ofishin lafiya, kai ka ci min mutunci. Kai ka ɗaura min munduwar nan mai magana in na ci maiƙo. Tun daga ranar, miyata lami ce, ƙibar ba ta ragu ba, sai jiri.

Yau a sunan jikata, ƙanwata Tabawa ta zuba min man shanu a tuwo, ta ce, "Ci, Yaya, wa zai gani?"

Ina kai loma, munduwa ta hau faɗin sunana da nauyina, ga surukina durƙushe yana gaishe ni. Ya sunkuyar da kai. Na tura hannu cikin zani, ba ta yi shiru ba.

Innarmu da man shanu ta rayu har ta ga tattaɓa-kunnenta. Zo ka cire abin nan, ka faɗa min da wane ido zan sake kallon mijin ’yata.