Abin da Masu Duba Gidan Alhusaini Suka Ce

"Kada ka kawo mini zancen matsiyata!" Alhaji Alhusaini ya daka wa Aghali dillali tsawa. "Mai saye ba ya surutu."

Aghali ya haɗiye maganarsa. So yake ya faɗi abin da masu duba gidan ke cewa in sun fita.

Tun da darajar kuɗin sefa ta faɗi, Alhaji ya raba gidansa na Tawa da katanga, ya sa rabi a kasuwa, yana zaune a ɗayan. Duk wanda ya zo dubawa, shi ke zagayawa da shi, yana titsiye shi sai ya faɗi jam'iyyarsa, yana zagin duk wanda ba nasu ba. Su kuwa sai su yi murmushi, su ce, "Masha Allah, sai mun yi shawara." Daga nan shiru.

Alhaji mai basira ya gano laifin gidan ne. Ya yi fenti, ya shafe tsakar gida da siminti, har shanunsa na garin Barmu ya sayar ya ja famfo. Damina ta wuce, ko mai tayi babu.

Ran nan ya kira Aghali, murya ƙasa-ƙasa. "To, faɗi. Mi suka ce?"

"Alhaji, tun ran farko kowa gidan ya yi mishi."

"To mi ya hana su?"

"Maƙwabcin."

"Wane maƙwabci? Gidanga ba shi da maƙwabci sai..."

Aghali ya zura takalminsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Shi kuwa, Alhaji, fenti ba ya kama shi."