Ƙofar Gidan Uban Tasalla

Tun da sabon dam ya cinye garin Kwarin Maje, doka ta ce ba a ba kowa fili a tudu sai ya kawo bidiyon gidansu daga ƙarƙashin ruwa. Sau uku Tasalla tana kai nata bidiyon ofishin rabon fili, sau uku na'urarsu tana cewa hoton ya yi duhu.

Ranar Laraba ta tare Bawa mai nutso a bakin ruwa, ranta a ɓace.

"Malam Bawa, laka na aike ka ɗauko min ko gidan ubana?"

"Yi haƙuri, Inna. Yau na ɗaura wa kyamarar fitila biyu, zan matsa kusa, ba zan ta da laka ba. Ofishin ma ya raba mana sabon gilashin kyamara mai share duhun hoto."

Ya goya tukunyar iska ya nutse. Da ya fito ya miƙa mata 'yar kyamarar, ya ƙi haɗa ido da ita. Hoto ya fito fes, har ƙayar bayan kifi ana gani. Amma babu katanga, babu rijiya, sai yashi a shimfiɗe.

"Ina gidan?"

"Wallahi da hannuna na dafa ƙofarsa. Gilashin ne ba ya nuna gini."

Tasalla ta ɓalle gilashin, ta murƙushe shi da dutse.

"Koma ka ciro min ƙofar. A ka zan ɗauke ta har teburinsu."

Bawa ya tashi ya ɗauko igiya da guduma.